Daga Maruta Zuwa Ɗakin Eksire: Yadda Ake Zama Ma'aikacin Ɗaukar Hoton Asibiti

Gabatarwa

Idan babur ya kayar da mutum a kan hanyar Maruta, cikin ƙaramar hukumar Gwaram, ƙafarsa ta kumbura har ya kasa taka ta, tambayar farko da 'yan'uwansa kan yi ita ce: karaya ce ko targaɗe? Maɗori zai lalluba da hannu ya faɗi abin da ya ji, kuma sau da yawa yakan dace, domin ɗori sana'a ce ta gado mai dogon tarihi a ƙasar Hausa. Sai dai akwai abin da yatsa ba ya iya ganowa komai ƙwarewarsa, kamar tsagewar da ta shiga cikin gaɓa, ko ƙashin da ya farfashe gida uku, ko kan ƙashin cinya da ya fice daga gurbinsa. Don haka ne idan aka kai majinyaci Asibitin Gwamnatin Tarayya na Birnin Kudu, likita kan rubuta 'yar takarda ya ce a je a yi hoto tukuna.

Wanda ke karɓar wannan takarda a ɗakin hoto ba likita ba ne, ba kuma nas ba ne. Ma'aikaci ne da ya karanci wani fanni na musamman da ake kira rediyogirafi, wato ilmin ɗaukar hoton cikin jikin ɗan Adam. Ɗalibai da dama a makarantun sakandare na Gwaram da Birnin Kudu ba su taɓa jin sunan wannan fanni ba. Abin da suka sani daga aikin asibiti shi ne likita da nas da mai ba da magani, shi ya sa idan ɗaya daga cikin ukun nan bai samu ba sai su ɗauka ƙofa ta rufe. Wannan darasi zai bayyana mene ne hasken eksire, da abin da yake yi wa jiki, da matakan da ɗalibi zai bi tun daga aji ɗaya na babbar sakandare har ranar da zai karɓi lasisinsa.

Asalin hasken

Ranar 8 ga Nuwamba, 1895, wani malamin Fizis mai suna Wilhelm Röntgen yana gwaji da wani bututun gilashi a birnin Würzburg na ƙasar Jamus. Ya lulluɓe bututun da baƙar takarda mai kauri, amma duk da haka sai ya ga wani allo da aka shafa wa sinadari yana walƙiya a gefe guda na ɗakin. Ya gane cewa akwai wani haske da ido ba ya gani wanda yake ratsa takardar. Da yake bai san ko mene ne ba, sai ya ba shi sunan harafin X, wanda masu lissafi ke sa wa abin da ba a sani ba. Daga nan aka samo kalmar eksire. Cikin Disambar wannan shekara ya ɗauki hoton hannun matarsa, ƙasusuwan yatsunta da zobenta suka fito fili. A 1901 aka ba shi kyautar Nobel ta farko a fannin Fizis, kuma har yanzu masu wannan sana'a a duniya suna bikin ranarsu ne a kowace 8 ga Nuwamba.

Eksire ɗan'uwan hasken rana ne da igiyar rediyo, abin da ya raba su shi ne tsawon zangon igiyarsu. Na eksire gajere ne ƙwarai, ga kuma ƙarfi, shi ya sa yake iya ratsa fata da tsoka. A cikin injin akwai bututun da aka zuƙe wa iska. A gefe ɗaya akwai siririyar waya wadda ake zafafawa har ta riƙa sakin ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron. Sai a sa ƙarfin lantarki mai yawa, tsakanin bolt 40,000 zuwa 150,000, ya fizge su su je su daki wani faifan ƙarfe a ɗaya gefen. A wurin wannan karo ne eksire ke fitowa. Abin mamaki, kusan kashi 99 cikin 100 na ƙarfin zafi yake zama, kashi 1 kacal ne ke zama hasken da ake nema. Wannan ne dalilin da ya sa ake yin faifan da ƙarfen tangistin, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 3,400 a ma'aunin Salshiyos.

To yaya hoton ke fitowa? Hoton eksire inuwa ce. Ƙashi yana ɗauke da sinadarin kalsiyam, kuma yana da nauyi, saboda haka yana tare yawancin hasken, sai gurbinsa ya fito fari. Huhu cike yake da iska, hasken na wuce shi salin-alin, sai ya fito baƙi. Tsoka da kitse da jini suna tsaka-tsaki. Idan tarin fuka ko ciwon sanyin haƙarƙari ya cika wani sashe na huhu da ruwa ko mugunya, sai a ga fari a inda ya kamata a ga baƙi.

Malami na iya nuna wa aji wannan da tocila da bango kawai. A kashe fitila, ko a rufe taga, a sa ɗalibi ya miƙa hannunsa tsakanin tocila da bango. In hannun na dab da bango inuwar za ta fito daidai girmansa, gefenta a tsaye sarai. In aka matso da shi kusa da tocila sai inuwar ta kumbura ta dusashe. Wannan shi ne dalilin da ya sa mai hoton ƙirji yake sa majinyaci ya manna ƙirjinsa da allo ya ba injin baya, injin kuma a ja shi nesa kimanin santimita 180. Zuciya tana can gaba-gaba cikin ƙirji. In aka ɗauka ta ɗaya fuskar inuwarta za ta ƙaru, likita ya zaci ta kumbura alhali lafiyarta lau. Daga nan sai ɗalibin ya jera yatsu biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Inuwa ɗaya za a gani a bango, sai ya juya hannun sannan biyun su bayyana. Saboda haka ne ake ɗaukar hoton karaya ta fuska biyu, ta gaba da ta gefe, domin ƙashin da ya goce yana iya ɓuya a bayan ɗan'uwansa.

Abin da hasken ke yi wa ƙwayar halitta

Nan ne ya kamata ɗalibin Bayoloji ya natsu, domin nan ne dalilin da ya sa ba a barin kowa ya taɓa wannan inji.

Jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyin halitta, kuma a tsakiyar kowace ƙwaya akwai zaren gado da ake kira DNA, wanda ke ɗauke da umurnin yadda ƙwayar za ta rayu ta kuma hayayyafa. Eksire yana da ƙarfin da zai fizge ilektiron daga jikin ƙwayar zarra. In ya faɗa kan zaren kai tsaye yana iya tsinka shi. Amma mafi yawan ɓarnar ta bayan gida take zuwa: galibin abin da ke cikin ƙwayar halitta ruwa ne, hasken kan farfasa ruwan ya haifar da wasu gutsattsarin sinadarai masu saurin kama duk abin da suka taɓa, su ne kuma ke zuwa su lahanta zaren. Allah cikin ikonsa ya sanya wa ƙwayar halitta hanyoyin gyara kanta, kuma yawancin irin wannan rauni takan ɗinke shi cikin 'yan sa'o'i. In raunin ya yi yawa sai ta mutu, wata ta maye gurbinta. Matsalar tana ga ta uku, wato ƙwayar da ta yi gyaran bisa kuskure ta ci gaba da rayuwa. Ita ce wadda bayan shekaru masu yawa take iya zama tushen ciwon daji.

Tun a 1906 wasu masana biyu na Faransa, Bergonié da Tribondeau, suka lura cewa ƙwayoyin da ke saurin rabuwa su ne suka fi jin jiki. Su ne na ɓargo inda ake ƙera jini, da na bangon hanji, da na 'ya'yan maraina da ƙwan mace, sai kuma uwa-uba ɗan tayi a cikin mahaifa. Da wannan ɗalibi zai gane abin da ya sa mai hoto ke tambayar mace ko tana da juna biyu kafin ya kunna inji, da abin da ya sa ake rage ƙarfin haske ga yara. Da wannan ne kuma zai gane yadda hasken da ke iya jawo ciwon daji ya zama maganinsa, domin ƙwayoyin daji suna cikin masu saurin rabuwa. In aka auna su da haske mai yawa sukan mutu kafin na kewaye da su. Ana yin irin wannan magani a asibitocin koyarwa na Shika da Sakkwato.

Mutanen farko ba su san duk wannan ba. Clarence Dally, mataimakin Thomas Edison a Amurka, ya riƙa gwada injin a kan hannuwansa har suka ƙone, aka yanke su, ya mutu a 1904 sakamakon ciwon daji. Daga irin wannan hasara aka koyi ƙa'idojin da ake bi yanzu.

Ana auna yawan hasken da jiki ya sha da wani ma'auni mai suna milisibat. Kowane mutum a duniya, ko bai taɓa shiga asibiti ba, yana shan kimanin milisibat 2.4 a shekara daga ƙasa da duwatsu da iska da abinci da sararin sama. Hoton ƙirji ɗaya bai wuce kimanin 0.1 ba, wato daidai da abin da mutum ke sha cikin mako biyu yana zaune a gidansa. Hoton ciki da babban injin nan mai kewaya jiki, wanda ake kira CT, yana kaiwa 8 zuwa 10. Dokar ƙasa da ƙasa ta iyakance wa ma'aikaci milisibat 20 a shekara, bisa matsakaicin lissafin shekara biyar. A Nijeriya hukumar da ke sa ido kan wannan ita ce NNRA, wadda dokar 1995 ta kafa, ta fara aiki a 2001.

Akwai wata magana da ta yaɗu, wadda ta hana iyaye da dama barin 'ya'yansu shiga wannan fanni, cewa wai mai aikin eksire ba ya haihuwa. Lissafi bai goyi bayan wannan ba. Kafin haihuwar namiji ta tsaya, ko da na ɗan lokaci ne, sai marainansa sun sha kimanin milisibat 100 zuwa 150 a lokaci guda, wato hoton ƙirji dubu ko fiye. Ma'aikacin da ke bin ƙa'ida ba ya ko kusantar iyakar 20 ɗin nan ta shekara. Haka kuma maganar cewa shan madara na wanke hasken daga jiki ba ta da tushe, domin babu abin da za a wanke. Da zarar an saki maɓalli hasken ya ɗauke, kamar yadda ɗaki ke yin duhu in an kashe fitila. Ba ya zama a jikin majinyaci, ba ya zama a bango.

Abin da ke kare ma'aikaci abu uku ne: rage lokaci, da ba da tazara, da shiga bayan kariya. Kariyar ita ce bango mai kauri da gilashi da riga waɗanda aka sa wa darma. Ita kuwa tazara tana da lissafi mai daɗi wanda ɗan aji biyu zai iya: in aka ninka nisa sau biyu, ƙarfin hasken na raguwa sau huɗu. Alal misali, in a nisan mita 1 ana samun awo 16, a mita 2 za a sami 4, a mita 4 kuwa 1 tak. Bugu da ƙari kowane ma'aikaci yana maƙala wani ɗan baji a rigarsa, wanda ake karɓa lokaci-lokaci a auna abin da ya sha.

Shiri tun daga sakandare

Hanyar ɗakin eksire tana farawa ne a ranar da ɗalibi ya gama ƙaramar sakandare aka ce ya zaɓi ajin kimiyya ko na fasaha. Wanda ya bar Fizis a wannan rana ya bar rediyogirafi, ko ya sani ko bai sani ba. Jami'o'i suna neman kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO: Ingilishi, da Lissafi, da Fizis, da Kemistiri, da Bayoloji. Kiredit yana nufin daga A1 zuwa C6. Wanda ya sami D7 a Fizis bai cika sharaɗi ba, ko da ya tara A a sauran darussa. Ilmin Aikin Gona kuma, wanda wasu kwasa-kwasai ke karɓa a madadin Bayoloji, kada a dogara da shi a nan. Wasu jami'o'in na yarda a haɗa sakamakon zama biyu, wasu kuwa sai na zama ɗaya, don haka wajibi ne a duba ƙasidar JAMB ta shekarar da za a nema, kada a tsaya ga abin da wani yaya ya faɗa na zamaninsa.

Gaskiyar da ba a so a faɗa ita ce, a makarantun karkara Fizis ne ke kayar da yawancin ɗalibai, kuma ba don rashin ƙwaƙwalwa ba. Ɗalibin da bai taɓa haɗa batir da waya da ƙwan fitila da hannunsa ba sai ranar jarrabawar gwaji, an riga an cuce shi. Malamin da ke da tocila da madubi da maganaɗisu da tsohuwar rediyo yana da rabin ɗakin gwaji in ya so.

Mataki na biyu shi ne jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Mai neman rediyogirafi zai rubuta darussa huɗu: Ingilishi, Fizis, Kemistiri da Bayoloji. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Ingilishi, 40 ga kowane ɗaya daga sauran ukun, jimlar maki kuwa 400. Tun daga 2015 a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba. Minti goman da zai ɓata yana laluben yadda zai wuce tambaya ta gaba, tambaya goma sha biyar ce ta tafi. Ya kamata ya nemi inda zai gwada hannunsa tun da sauran watanni. Tun 2021 kuma ba a rajista sai da lambar katin ɗan ƙasa, wato NIN. A nan akwai tarko: sunan da ke katin da ranar haihuwa dole su yi daidai da na takardar WAEC ko NECO. Yaron da ya zama Muhammad Sani a wata takarda, Sani Muhammad Maruta a wata, zai sha wahalar gyara a daidai lokacin da ya kamata ya zauna ya yi karatu.

A wace jami'a? A Arewa akwai sashen rediyogirafi a Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ɗalibanta ke koyon aiki a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. A Kudu akwai tsofaffin sassa a Kalaba da Inugu, inda aka fara ba da digirin a farkon shekarun 1980. Ga ɗan Gwaram ko Birnin Kudu, Kano ce mafi kusa daga cikin waɗannan, kuma kusanci yana da amfani ga wanda zai riƙa dawowa gida ɗaukar garin tuwo. Sai dai guraben kaɗan ne, masu nema kuwa da yawa, har da waɗanda suka nemi likita ba su samu ba. Mafi ƙarancin makin da JAMB ke sanarwa kowace shekara na shiga jami'a ne kawai, ba na shiga wannan sashe ba. Wanda ya tsaya dab da shi bai shiga takara ba tukuna. Bayan wannan jami'a za ta yi nata tantancewar, sannan sunan wanda aka ɗauka ya fito a shafin JAMB, ya shiga ya amsa da kansa. Gurbin da bai bi ta wannan shafi ba, ba gurbi ba ne, ko wane ne ya yi alkawarinsa.

Wanda bai dace a karon farko ba yana da wata ƙofa, ita ce karatun share fage na IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi. In ya ci da maki mai kyau a darussan kimiyya yana iya neman shiga aji biyu kai tsaye.

Kafin a biya ko sisi, akwai tambaya ɗaya da uba ko malami ya kamata ya yi: shin Hukumar Rajistar Masu Ɗaukar Hoton Asibiti ta Nijeriya, wato RRBN, ta amince da wannan sashe? An kafa wannan hukuma da doka mai lamba 42 ta 1987, kuma ita kaɗai ke ba da lasisin yin aikin. Amincewar Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa daban, tata daban, kuma ana bukatar duka biyun. Ɗalibin da ya shekara biyar a sashen da ba ta amince da shi ba zai fito da takarda a hannu, amma doka ba ta ba shi ikon taɓa majinyaci ba. Haka nan a bambance digiri da gajeren kwas na mataimakan ɗakin hoto da wasu kwalejojin kiwon lafiya ke bayarwa. Aiki ne mai amfani, amma matsayinsu da albashinsu da iyakar abin da aka yarda su yi ba ɗaya ba ne.

Shekara biyar a jami'a

Shekarar farko maimaici ne da zurfafa darussan sakandare, tare da sauran ɗaliban kimiyya. Mutane kan raina ta, alhali kuwa sakamakonta ne ke nuna wanda zai wuce sashen da wanda za a mayar wani kwas.

A shekara ta biyu ake shiga ilmin ƙirar jiki da na aikin gaɓoɓi da na sinadaran jiki, tare da Fizis na haske. A nan ɗalibi zai san ƙasusuwa 206 na jikin baligi, ba sunayensu kaɗai ba, har da kowane tudu da rami da ke jikinsu, da yadda kowanne ke bayyana in an hango shi ta gaba ko ta gefe. Ana koyon wannan da gawa a ɗakin fiɗa, kuma gara ɗalibi ya san haka tun yana gida ya shirya zuciyarsa.

Daga shekara ta uku ake fara zuwa asibiti. Ana koyon yadda ake kwantar da majinyaci ko tsayar da shi ga kowane irin hoto, da yadda ake zaɓen ƙarfin lantarki gwargwadon kaurin jiki, domin abin da zai ratsa hannun yaro ba zai ratsa ƙugun ƙato ba. Ana koyon injin kansa da kula da majinyaci. Kowane ɗalibi yana da littafin da ake rubuta hotunan da ya ɗauka, babban ma'aikaci ya sa hannu. A da akan wanke fim ne a ɗaki mai duhu da ruwan sinadarai. Yanzu manyan asibitoci sun koma allon da ke aika hoto kai tsaye zuwa kwamfuta, ko da yake ana koyar da duka biyun.

Shekaru biyun ƙarshe na ilmin cututtuka ne da manyan injuna. Akwai CT, wanda Godfrey Hounsfield ya ƙera a Ingila aka fara gwada shi kan majinyaci a 1971. Shi yana yanka hoton jiki ne fai-fai kamar yadda ake yanka burodi. Akwai sikanin da mata masu juna biyu suka sani, wanda ba ya amfani da eksire ko kaɗan, sai sauti mai kaifin da kunne ba ya ji, yana dukan gaɓoɓi yana dawowa kamar amsa-kuwwa a tsakanin duwatsun Birnin Kudu. Akwai MRI mai aiki da ƙaton maganaɗisu, wanda ƙarfinsa ya isa ya fizgo almakashi ko tukunyar iskar numfashi daga bakin ƙofa, shi ya sa ake binciken duk mai shiga ɗakin. Akwai hoton mama na neman ciwon daji, da hotunan da ake ba majinyaci wani ruwa ya sha ko a yi masa allurarsa don hanji ko ƙoda su fito. A shekarar ƙarshe ɗalibi zai yi bincike ya rubuta kundi ya kare shi gaban malamai, ya kuma zauna jarrabawar ƙwarewa da hukumar RRBN ke sa wa ido.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai a wannan tafiya ba wuyar Fizis ba ce. Na farko kuɗi ne: rajista, da littattafai, da farar riga, da kuɗin mota zuwa asibiti kullum, ga shi zaman asibitin kan cinye hutun da ɗan ƙauye ke komawa gona. Akwai Hukumar Ba da Tallafin Karatu ta Jihar Jigawa, akwai kuma asusun lamunin ɗalibai na NELFUND da Gwamnatin Tarayya ta buɗe a 2024 ga ɗaliban makarantun gwamnati. Shi bashi ne da za a biya bayan an fara aiki. Na biyu Ingilishi ne, domin da shi ake karatu da rubutu da amsa tambayar baka. Amma a gaban majinyaci lamarin kan juye. Tsohuwar da aka kawo daga ƙauye, ga ciwo ga tsoron inji, ba abin da zai sa ta tsaya cik kamar ta ji an ce, “Sannu Iya, ja numfashi sosai, riƙe, kada ki motsa.” Motsi kaɗan ya isa ya ɓata hoto, hoton da ya ɓaci kuwa sai an sake, majinyaci ya sha haske sau biyu ya kuma ƙara jira. Ɗalibin da ya tashi cikin mutanen da zai yi wa aiki ya shigo da wani abu da ba a koyarwa a aji.

Wannan ya fi ƙarfi ga 'yan mata. Mata da yawa a wannan yanki sun gwammace su haƙura da ciwo da a ce namiji ne zai yi musu sikanin ciki ko hoton mama, ciwon daji kuwa ba ya jira. Makarantun 'yan mata na kimiyya sun saba tura ɗalibansu aikin jinya da ungozoma, musamman da yake kwalejin tana nan Birnin Kudu, amma yarinyar da ke cin Fizis da Lissafi ya kamata a gaya mata akwai wannan ma.

Bayan kammalawa

Wanda ya ci jarrabawa za a rantsar da shi a ba shi lasisin wucin gadi. Da shi zai yi shekara ɗaya ta sanin makamar aiki a asibitin da aka amince da shi, ƙarƙashin manya, ana biyansa albashi. Samun gurbin wannan shekara kan ɗauki lokaci, don haka gara a fara nema tun kafin a bar makaranta. Daga nan sai cikakkiyar rajista, sai shekarar yi wa ƙasa hidima. Jimla, daga ranar shiga jami'a zuwa ranar da mutum zai tsaya da ƙafarsa, shekara bakwai ce in ba a yi yajin aiki ba. Lasisin kuma ana sabunta shi kowace shekara.

Aikin mai hoto shi ne samar da hoto mai kyau da mafi ƙarancin haske. Fassara hoton da rubuta rahoto aikin likitan da ya ƙware a wannan fanni ne. Amma a asibitin karkara inda babu irin wannan likita, mai hoto ne mutum na farko da zai ga huhun da ya saɓe ko karayar wuya, kuma shi ne zai hana majinyacin tashi ya tafi gida kafin likita ya gani. Tun 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa amfani da manhajar kwamfuta wajen duba hoton ƙirjin waɗanda suka kai shekara 15 don neman alamun tarin fuka, kuma akwai ƙananan injuna masu batir da ake ɗauka zuwa ƙauyuka. Manhajar tana karanta abin da aka ba ta ne kawai. Tsayar da majinyaci daidai da auna hasken yana hannun ma'aikacin da ya ɗauko injin. Wanda ya so ƙarin karatu yana iya ƙwarewa a sikanin, ko CT da MRI, ko maganin ciwon daji da haske, ko ya yi digiri na biyu da na uku ya koma jami'a ya koyar.